Takalmin Ƙarfen Lubomir

Shekara goma sha tara ina riƙe masa sifana,
ni ban taɓa yin zagaye ko ɗaya ba.
Lubomir Szarek ke hawa, ni ke ɗaure noti,
in bi shi da addu'ar da ban gama iyawa ba.

Babur ɗin ba shi da birki.
Baƙi ba sa yarda
sai sun durƙusa sun leƙa da idonsu.
Giya ɗaya. Ba madubi, wa zai waiwaya?
Mutum huɗu a bakin igiya,
hula ja, hula shuɗiya, fara, da rawaya,
zagaye huɗu, duka hagu,
minti guda, ko ya ɗan gaza.
Daga cikin wannan mintin muka ciyar da gida biyu.

Lahadi muna Polan, bakin kogin Warta.
Litinin Ingila, ruwa ya mai da fili kunu.
Talata Suwidin, inda rana ke ƙin faɗuwa har goman dare.
Ni ke tuƙa motar kaya,
shi yana barci tsakanin injuna biyu, baki buɗe,
warin metanol a gashinsa.
A jirgin fito mu ci burodi da kifi mai tsami,
mu ƙirga maki: uku, biyu, ɗaya, ko wayam.
Ba maki, ba kuɗi. Takardar haka ta ce.

Ƙashin kafaɗa, sau huɗu.
Cinyar dama, ƙusa tara.
Halszka ta daina zuwa kallo tun karaya ta biyu.
Takan zauna a mota a bayan fili, ta kashe rediyo,
ta saurari ihun jama'a.
Ta ce ihun murna daban, ihun faɗuwa daban,
amma wanda ta fi tsoro shi ne shiru.

Akwai wani dare a watan Satumba.
Tseren ƙarshe, ƙungiya na neman maki uku,
aka ba shi ƙofar waje, wadda duk daren ba ta ci ba.
Igiya ta tashi, ya fita na ƙarshe.
Na jefar da tsumma.
Sai na ga ya nufi katanga,
can sama inda tsakuwa ta taru,
inda mai hankali ba ya kai taya,
babur a karkace, ƙafar hagu na jan ƙasa tana tartsatsi,
ya wuce ɗaya, ya wuce biyu,
na uku ya sha shi da tsawon tafin hannu.
Mutum dubu goma sha biyu suka kira sunansa.
Da ya dawo rumfa, abin da ya ce da ni:
sarƙa ta yi sako-sako.

Kofin yana kan firji yanzu,
Halszka na ajiye makullai a ciki.

Ya bar hawa yana da talatin da takwas,
ba don tsoro ba, in ji shi.
Wani yaro mai suna Gniewko ya wuce shi ta katanga,
ta hanyar da shi ya koya masa,
ya ji yana dariya a cikin hular kwano,
ya san an gama.

Yau yana tuƙa ƙaramar mota kamar mai ɗauke da ƙwai,
yana taka birki a kowace kwana,
tsofaffi na danna masa oda.
In muna tafiya a ƙasa
sai ya riƙa karkatowa hagu yana ture ni.

Takalmin ƙarfen yana wurina.
Gefe ɗaya ya cinye, ya yi siriri kamar bakin cokali.
Da shi nake tokare ƙofar gareji
in zafi ya yi yawa.